Sharhi: Tsiron mahaifa da fargabar cutar daji a Kano

Kusan kowace safiya akan ga mata a bakin titin Zariya da ke unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a birnin Kano, sun fito daga ɗakunan ɗaukar hoton ciki, suna riƙe da takardar sikanin da aka rubuta da Turanci cewa an ga tsiro a cikin mahaifa.

Da dama daga cikinsu ba su kai ga ganin likita ba tukuna, amma labari ya riga ya isa gida cewa wance ta kamu da ciwon daji.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai dattawan mata a Tarauni da Darmanawa da Unguwa Uku da sauran unguwannin da ke kewaye, waɗanda jini ya dawo musu shekaru bayan sun daina al'ada, suna zaune a gida ba su faɗa wa kowa ba.

Rukunin farko suna cikin firgici a kan abin da galibi ba shi da haɗari, rukuni na biyu kuwa sun kwantar da hankali a kan alamar da likitoci suka fi ɗauka da muhimmanci. Dukkansu kuma suna zaune ne a kusa da ɗaya daga cikin manyan asibitocin arewacin Najeriya, wato Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a shekarar 1988, ya kuma koma mazauninsa na dindindin a nan ƙaramar hukumar Tarauni a 1996.

Suna ɗaya, cututtuka huɗu

Wani ɓangare na matsalar daga harshe ya samo asali. Abubuwa huɗu ne mabambanta ake cakuɗawa a maganar yau da kullum.

Na farko shi ne tsiron da likitoci ke kira polip. Wani ɗan nama ne mai laushi da ke fitowa daga shimfiɗar cikin mahaifa, wato fatar nan da ke kauri kowane wata sannan ta zube a matsayin jinin al'ada. Wani bai wuce ƙwayar riɗi ba, wani kuma yakan kai girman lemon tsami. Yana iya zama ɗaya, yana iya zama da yawa.

Na biyu shi ne ƙarin mahaifa, wanda ke fitowa daga tsokar bangon mahaifar, yana da tauri, yana kuma iya girma har a zaci mace tana da juna biyu. Ya yi yawa ƙwarai a tsakanin matan Afirka, kuma da wuya ainun ya zama daji.

Na uku shi ne sankarar bakin mahaifa, wadda ƙwayar cutar HPV ke haddasawa. Na huɗu kuwa sankarar cikin mahaifa ce, wadda ke farawa daga shimfiɗar da polip ke fitowa, ta fi kuma kama matan da suka manyanta.

A gidajen rediyo da wuraren taro, sau da yawa akan taƙaita na uku da na huɗu a ce sankarar mahaifa kawai. Wannan taƙaitawa tana da illa, domin allurar rigakafin HPV ba ta kare mace daga sankarar cikin mahaifa, haka kuma gwajin bakin mahaifa da ake yi wa mata ba a tsara shi domin gano ta ba. Mace na iya yin gwajin a ce mata lafiyarta ƙalau, alhali cutar tana can ciki inda gwajin bai kai ba.

Abin da alƙaluma suka nuna

Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kimanin 420,000 ne suka kamu da sankarar cikin mahaifa a duniya, kimanin 97,000 kuma suka rasu. A wannan shekarar, sankarar bakin mahaifa ta kama kimanin mata 660,000, ta kuma hallaka kimanin 350,000.

A Najeriya ta bakin mahaifa ce ta fi yin ɓarna. An ƙiyasta cewa a 2020 ta kama mata kimanin 12,000, ta kashe kimanin 8,000. Don haka ba abin mamaki ba ne da hankalin hukumomi ya fi karkata gare ta.

Dangane da polip kuwa, nazarin da aka yi a kan dubban matan da aka cire musu shi ya nuna cewa a tsakanin waɗanda ke ganin al'ada, ƙasa da kashi 2 cikin 100 ne ake samun daji ko alamun farkonsa a cikin naman. A tsakanin waɗanda suka daina al'ada adadin yakan kai kimanin kashi 5 cikin 100, yakan kuma ƙaru idan akwai zubar jini.

Ma'anar wannan ita ce, matashiyar da aka ce tana da polip tana da kyakkyawan dalilin kwantar da hankalinta. Dattijuwa kuma tana da dalilin hanzarta zuwa asibiti, ko da yake ita ma mafi rinjayen zato shi ne ba daji ba ne.

Abubuwan da ke ƙara haɗarin sanannu ne. Akwai yawan shekaru da ƙiba da ciwon sukari da hawan jini, da rashin haihuwa, da jinkirin ɗaukewar al'ada, da tarihin sankarar mahaifa ko ta hanji a cikin dangi. Akwai kuma maganin tamoxifen da ake bai wa masu sankarar mama, wanda ke taimaka musu ƙwarai amma yakan sa shimfiɗar mahaifa ta yi kauri.

Dalilin da ya sa ƙiba ke cikin jerin shi ne kitsen jiki yana samar da sinadarin estrojin, wanda ke sa shimfiɗar ta ci gaba da girma ko bayan ƙwayayen mace sun daina aiki.

Yawan haihuwa yana rage haɗarin, kuma binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna cewa matsakaiciyar mace a arewa maso yamma tana haihuwar fiye da 'ya'ya shida. To amma wannan binciken ya kuma nuna cewa kashi 28 cikin 100 na matan ƙasar masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, lamarin da ya fi tsanani a birane. Kano ba ta kuɓuta daga wannan sauyi na abinci da zaman wuri ɗaya ba.

Jinin da ya dawo

Alamar da ta fi muhimmanci a wannan batu ita ce zubar jini bayan mace ta shekara guda cur ba ta ga al'ada ba.

Wani babban nazari da aka wallafa a Amurka a 2018, wanda ya tattara sakamakon bincike fiye da ɗari, ya nuna cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na matan da aka samu da sankarar cikin mahaifa sun ga irin wannan jini. Ya kuma nuna cewa a cikin dukkan matan da jini ya dawo musu, kimanin kashi 9 cikin 100 ne ke ɗauke da cutar.

Wato a cikin mata goma sha ɗaya da jini ya dawo musu, kusan ɗaya ce ke da daji. Sai dai babu wanda zai iya nuna ta da ido, dole sai an bincika dukkansu.

A ƙasar Hausa, mace ta gari idan ta ga jinin da ba ta saba gani ba, tambayar da ta fara zuwa mata ita ce ta ibada. Shin za ta yi salla? Shin za ta ci gaba da azumi? Takan tambayi malama a makarantar Islamiyya, ko ta aika da tambaya shirin fatawa.

Amsar kuma a bayyane take. A mazhabar Malikiyya jinin haila ba ya wuce kwana 15, abin da ya zarce haka jinin istihala ne, mace za ta yi tsarki ta ci gaba da ibadarta. Asalin hukuncin yana cikin hadisin Fatima bint Abi Hubaish, wadda Manzon Allah (SAW) ya bayyana mata cewa jininta daga jijiya yake, ba haila ba ce.

Abin lura a nan shi ne, Hausawa da kansu suna kiran wannan jini da jinin ciwo. Fatawa ta warware batun salla, amma ciwon yana nan, kuma shi ne ba a cika bin sawunsa ba. Mata da yawa da zarar sun ji hukunci sai su ɗauka magana ta ƙare.

Akwai kuma kunya. Uwar da ta aurar da 'ya'ya, tana da surukai da jikoki, da wuya ta buɗe baki ta gaya wa ɗanta cewa tana ganin jini, ko da kuwa shi ne zai biya kuɗin asibiti. Wasu sukan danganta abin da sanyin mata ko basir ko sammu, su shafe watanni suna shan jiƙo. Hausawa dai sun ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, a nan kuwa cutar ce ke cin rabon.

Iyakar abin da sikanin zai faɗa

Ɗakunan ɗaukar hoto da gwaje-gwaje sun yawaita a kewayen asibitin Malam, kuma wannan ci gaba ne. A 2020 ma hukumar zuba jarin ƙasa ta NSIA ta buɗe wata cibiyar gwaje-gwaje ta zamani a harabar asibitin.

To sai dai hoto inuwa ce. Yana nuna cewa akwai wani abu, da girmansa, da inda yake, amma ba ya nuna irin ƙwayoyin halittar da ke cikinsa.

Hoton da ake ɗauka ta kan mara bai kai wanda ake ɗauka ta gaban mace fitar da cikin mahaifa sosai ba. A wajen wadda ta daina al'ada, likitoci sukan auna kaurin shimfiɗar, idan bai wuce milimita 4 ba sukan ɗauka haɗarin ƙanƙane ne.

Amma ko wannan ma'auni an fara sa masa alamar tambaya. Binciken da Dokta Kemi Doll ta Jami'ar Washington ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2021 da 2024, ya nuna cewa ma'aunin yana kuskure cutar a jikin baƙaƙen matan Amurka fiye da yadda aka zata. Dalili kuwa shi ne ƙarin mahaifa yakan tare hoton, sannan sun fi kamuwa da nau'in cutar mai zafi wanda ba lallai ne ya sa shimfiɗar ta yi kauri ba.

Ko da yake ba a Najeriya aka yi binciken ba, darasinsa ya shafi Kano, inda ƙarin mahaifa ya zama ruwan dare. Idan jini ya ci gaba da zuba, kyakkyawan sakamakon sikanin bai isa a rufe magana ba.

Hanya ɗaya tak ta tabbatarwa ita ce a ɗebo ɗan nama daga cikin mahaifar a kai ɗakin bincike, likitan da ya ƙware a wannan fanni ya duba shi da madubin likita. Duk naman da aka cire daga mahaifa, komai ƙanƙantarsa, bai kamata a zubar ba tare da an yi masa wannan awo ba, kuma haƙƙin majiyyaciya ne ta nemi sakamakon a rubuce.

Hanyoyin magani

Idan mace tana ganin al'ada, tsiron ƙarami ne da bai kai santimita guda ba, kuma ba ya damun ta, likita na iya cewa a saurara a sake hoto bayan wasu watanni. Kimanin ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan ƙananan sukan ɓace da kansu.

Idan kuwa akwai zubar jini tsakanin al'ada da al'ada, ko jinin ya yi yawa har ya jawo ƙarancin jini, ko mace ta daina al'ada, ko tana neman haihuwa, to cirewa ce shawarar da aka fi bayarwa.

Hanyar da ta fi inganci ita ce ta amfani da wata siririyar na'ura mai fitila da kyamara, wadda ake zurawa ta bakin mahaifa, likita yana kallon tsiron a allo ya yanke shi daga tushe. Ba a tsaga ciki, aikin ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma galibi mace takan koma gida a ranar.

Tsohuwar hanyar ita ce wankin ciki, irin wanda ake yi wa matan da suka yi ɓari. Ta fi arha, an kuma fi samun ta, amma likita yana aiki ne ba tare da yana gani ba, saboda haka yakan iya kuskure tsiron ko ya bar tushensa. Shi ya sa wasu matan ake yi musu wankin ciki sau biyu ko uku jinin bai tsaya ba.

Ga masu neman haihuwa akwai labari mai daɗi. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Sifen aka wallafa a 2005 ya nuna cewa a cikin matan da ake taimaka wa su sami ciki, waɗanda aka cire musu polip sun sami juna biyu fiye da ninkin waɗanda ba a cire musu ba.

Wannan yana da muhimmanci a al'ummar da jinkirin haihuwa kan girgiza aure. Mata da yawa suna gudun asibiti ne saboda tsoron za a cire musu mahaifa, alhali cire mahaifa ba shi ne maganin polip na yau da kullum ba.

Akwai kuma robar da ake sakawa cikin mahaifa mai fitar da sinadarin furojestin, wadda ke rage zubar jini, ake kuma amfani da ita wajen magance kaurin shimfiɗa. Amma babu wani ƙwaya ko jiƙo da aka tabbatar a kimiyyance cewa yana narkar da tsiron da ya riga ya fito.

Idan aka tabbatar da daji

Sankarar cikin mahaifa na daga cikin cututtukan daji da ake warkewa idan an gano su da wuri, domin takan nuna kanta da jini tun tana ƙarama.

Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan ba ta fita daga mahaifa ba, fiye da kashi 90 cikin 100 na matan suna raye bayan shekara biyar. Idan ta bazu zuwa sassa masu nisa kamar huhu, adadin yakan faɗo zuwa kimanin kashi 20.

Babban maganin shi ne tiyata, a cire mahaifa da ƙwayaye da bututunsu. Ga wasu matan wannan kaɗai ya wadatar. Wasu kuma sukan buƙaci gashi da na'urar haske, ko ƙarin ruwan magungunan kashe ƙwayoyin cutar. Matashiyar da cutarta ke matakin farko, ba ta kuma da zafi, ana iya jarraba mata maganin furojestin tare da sa ido sosai har ta haihu.

Shekaru da dama masu buƙatar gashi daga Kano sai sun tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ko Sakkwato ko Abuja, inda layi ke da tsawo. A watan Janairun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da cibiyar kula da masu cutar daji da gwamnatin jihar Kano ta gina a Giginyu, a watan Yulin 2025 kuma gwamnatin tarayya ta buɗe wata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Kuɗi da ma'aikata

Gina cibiyoyi abu ne mai kyau, sai dai cibiyar gashi tana ƙarshen tafiya ne. Abin da ke tantance makomar mace yana faruwa ne tun a farko, a ƙaramin asibitin unguwa, ranar da ta fara faɗin cewa tana ganin jini.

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a suke fitowa. Hoto da kuɗinsa, awon nama da kuɗinsa, aikin cirewa da nasa, kuma faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta sa komai ya ƙara tsada. Iyalai da dama sukan tsaya a kan sikanin domin shi ne mafi arha, alhali shi ne matakin da ba ya yanke hukunci.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, jihar Kano ma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya tata, amma akasarin matan da ba ma'aikatan gwamnati ba ne har yanzu da kuɗinsu suke biya. Asusun tallafa wa masu cutar daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 kuwa, da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya soma, a asibitoci shida da suka haɗa da na Shika.

Ga kuma ƙarancin ma'aikata. A 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara biyar. Idan likitocin awon nama suka yi ƙaranci, sakamako yakan yi jinkiri, mace kuma ta zauna cikin zullumi.

Gangamin rigakafin HPV da aka fara ranar 24 ga Oktoban 2023, wanda Kano ke cikin rukunin jihohin farko, ya nuna cewa ana iya isar da saƙon lafiyar mata har cikin gidaje idan aka haɗa kai da sarakuna da malamai. Sai dai 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 aka nufa da shi. Iyayensu da kakanninsu, waɗanda sankarar cikin mahaifa ta fi kamawa, babu wata allura ko gwajin kowa da kowa da aka tanadar musu, a Najeriya ko a wata ƙasa. Kariyarsu ita ce su san alamar, su kuma sami wanda zai saurare su.

Saƙon bai da tsawo, ba ya kuma buƙatar kasafin biliyoyi. Malamar Islamiyya da ta amsa tambaya a kan istihala tana iya ƙarawa da cewa a je a ga likita. Ma'aikaciyar ƙaramin asibiti a Tarauni ko Hotoro tana iya tura duk dattijuwar da ta zo da jini zuwa babban asibiti a ranar, maimakon ta rubuta mata maganin sanyi. Ɗa ko miji yana iya tambayar likita ko an kai naman awo, da kuma ranar da sakamako zai fito.

Daga cikin Gyaɗi-Gyaɗi zuwa ƙofar asibitin Malam tafiyar 'yan mintoci ce a Adaidaita Sahu. Abin jira a gani shi ne ko hukumomin lafiya na jiha da na tarayya za su sanya awon nama da aikin cire tsiro cikin abubuwan da talaka zai iya biya, ta yadda matar da ta yi ƙarfin halin yin wannan gajeriyar tafiya ba za ta koma gida da takardar hoto kaɗai ba.